Ga masu gugar katako da inji: ku kula da makunni idan wuta ta ɗauke

Salamu alaikum 'yan uwa kafintoci da masu fenti. Yawancin garanda (injin guga mai faifai mai juyawa) da injin sanfefa mai bel suna da maɓallin da ke riƙe makunni a kunne. Idan wuta ta ɗauke kana tsakiyar aiki, sai ka ajiye injin a haka ka manta. Da an dawo da ita, injin zai tashi da kansa, ya bi benci da gudu, ko ya kama ƙafar yaron shago. Don haka wuta na ɗaukewa, kashe makunni, zare fulogi. Haka ma duk lokacin da za ka canza sanfefa ko faifai.

Faifan kuma a duba lambar gudun da ke jikinsa. Ƙaramar garanda tana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya. Faifan da lambarsa ba ta kai ta injin ba yana iya tarwatsewa a fuskarka. Kar a cire murfin kariyar, duk da na san da yawanmu mun tsane shi.

Ƙura ita ce aka fi rainawa. Ta katako mai tauri irin maɗaci tana cikin abubuwan da ke jawo kansar hanci, tsohon fenti kuma wani yana da dalma. Ɗaura ƙyalle a hanci ba ya tare ƙurar, a nemi takunkumin N95 da tabarau.

A naɗe hannun riga, a danne katakon da kyau, kuma kar a goge ƙarfe kusa da tarin garin katako, tartsatsi na tada gobara.