Darasi na Bakwai: Yaƙi da Ciyawa a Gonar Alkama

Alkama amfanin hunturu ce. A Sakkwato ana shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, a fadamun Wurno da Kwalkwalawa da wuraren da ruwan madatsar Goronyo ke kaiwa. Ruwan da kake ba alkama shi ne ciyawa ke sha, takin ma tare suke ci. Makonni shida na farko su ne masu haɗari. Idan ciyawa ta rufe alkama a lokacin, ba za ta yi 'ya'ya da yawa ba, ko da ka ƙara taki daga baya.

Saboda haka aikin yana farawa tun kafin iri ya taɓa ƙasa. Ka ba gonar ruwa, ka bar ta kamar kwana goma. Ciyawa za ta tsiro tsit-tsit, kore shar. Sai ka kafce ta tana ƙarama. Aya-aya da ƙiri-ƙiri sun fi taurin kai, domin ransu yana cikin saiwa. Ka tono su, ka tsince, ka baza a kan kunya rana ta ƙone su. Kada ka sassare ƙiri-ƙiri ka bar shi a jiƙaƙƙiyar ƙasa: kowane guntu sabon tsiro ne.

Ka yi shuka a layi, tazarar kamar taƙi ɗaya. Wanda ya watsa iri ba shi da wurin sa fartanya. Tattakar shinkafa kuma, wadda wasu ke cinna wa wuta, ka shimfiɗa ta ba da kauri ba tsakanin layuka bayan tsiro ya fito. Tana tare wa ciyawa haske, tana riƙe laima.

Maganin kashe ciyawa shi ne mafita ta ƙarshe. Ga sunayen iri biyu: Pendimethalin da 2,4-D. Pendimethalin ana fesa shi bayan shuka, kafin tsiro, ƙasa da danshi. 2,4-D kuwa sai alkama ta kai mako huɗu zuwa biyar, kuma ciyawa mai faɗin ganye kawai yake kashewa. Ka kula ƙwarai: iskar hunturu na iya kai shi gonar tumatir ta maƙwabcinka, ganyen ya nannaɗe. Ka yi feshi da sassafe kafin iska ta taso, da takalmin roba da safar hannu da abin rufe hanci. Kada ka auna magani da ido. Ka sa malamin gona ya karanta maka abin da ke jikin kwalbar. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, kada yara su ɗebi ruwa da ita.

Aikin gida: Ka tsinko ciyawa iri uku daga gonarka, ka zo da su aji mu rubuta sunayensu.