Yadda Na Gyara Ruɓaɓɓen Katakon Bakin Rufi Kafin Fenti

Katakon da ke bakin rufin gidanmu ya ruɓe ta gabas, inda ruwan damina ke bugawa, har fentin ya kumbura yana ɓarewa. Na bi shi da sukundireba ina dannawa, duk inda ƙarfen ya nutse na sa alama, sannan na yanke da zarto har na isa lafiyayyen itace, domin fenti a kan ruɓa asarar kuɗi ce kawai. Busasshen katako na saya, na shafe shi da maganin gara, musamman bakin yankan da ke saurin shan ruwa, na kafa da ƙusoshi. Bayan na toshe hudar kwanon da ke yoyo, sai da hunturu ya shigo na goge da samfefa, na yi shafen farko kafin fentin mai.