Yadda za ka tsaya wa dabbobi ba tare da an ce ka shigo da aƙidar Turawa ba

Duk wanda ya taɓa buɗe baki a Facebook ko a majalisa ya ce a ji tausayin dabba ya san amsar da ke biyowa: "mutane ma ba su ƙoshi ba kai kana maganar jaki", ko kuma a ce "waɗannan ai su ne masu son hana mu layya". Idan har da gaske kake kana son yin wani abu a kai, to akwai yadda ake shiga maganar, don na ga mutane da yawa masu kyakkyawar niyya sun lalata ta tun daga jimlar farko.

Ka fara da sanin ɓangaren da kake, domin ko a can Turai da Amurka ba layi ɗaya ba ne. Akwai masu cewa a yi kiwo, a hau, a yi noma, a yanka a ci, amma kada a azabtar. Wannan tsohon layi ne, a Ingila tun 1822 majalisa ta yi dokar hana cutar da shanu da dawakai, a 1824 aka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi da yau ake kira RSPCA. Akwai kuma masu cewa a'a, dabba ba mallakin mutum ba ce kwata-kwata, kada a ci namanta, kada a sha nononta, kada a sa fatarta. Wannan tunanin ya yi ƙarfi ne bayan rubutun wani masanin falsafa ɗan Ostireliya, Peter Singer, a 1975, sai ga ƙungiyar PETA an kafa ta a Amurka a 1980, su ne masu zanga-zangar nan a ƙofar shagunan nama da kake gani a bidiyo. To kai idan kana cin tsirenka da kilishinka kuma kana layya, kana layin farko ne, ka faɗi haka ƙarara tun ba a tambaye ka ba. In ka bari aka haɗa ka da na biyun, shi ke nan an gama sauraronka.

Kuma ka san tsoron mutane ba daga iska ya faɗo ba. Denmark ta hana yanka dabba ba tare da an sumar da ita ba tun 2014, manyan yankuna biyu na Beljiyam suka bi sahu a 2019, Musulmi da Yahudawa suka je kotu, kotun Tarayyar Turai ta ce a 2020 ƙasashe suna da hurumin yin hakan. Don haka in wani ya kawo maka wannan, kada ka ce ƙarya yake, ka ce haka ne, amma wannan rigimarsu ce a can, ni maganar da nake yi ita ce ta mikin da ke bayan jakin mai ɗebo mana yashi.

Hujjarka kuwa tana gida, ba sai ka aro ba. Matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, mutumin da aka gafarta masa don ya shayar da kare, umarnin Manzon Allah (SAW) cewa a wasa wuƙa a hutar da abin yanka, raƙumin da ya kai ƙarar ubangidansa kan yunwa da yawan aiki, duk almajiri ya san waɗannan. Abin da ya rage shi ne tunatarwa, kuma ya fi kyau ta fito daga bakin liman. Ka same shi da ladabi ka ce "Allah gafarta Malam, ga Babbar Sallah ta matso, da za a ɗan taɓa maganar yadda ake kayar da sa da yadda ake yanka a gaban 'yan'uwansa a huɗuba da an ji daɗi". Minti biyar na huɗuba ya fi rubutunka ɗari a intanet tasiri.

Sannan kada ka ɗauko komai lokaci guda, kaji da ake ratayewa kai a ƙasa a bayan babur, shanun da ake cusawa a tirela daga Potiskum har Legas, kuran gardawa, karnukan da yara ke jifa, duk gaskiya ne amma ka zaɓi guda. Ni shawarata ka ɗauki jaki, saboda shi ne maganar da babu mai iya ce maka ta Turawa ce.

Ga abin da ya kamata ka riƙe a kansa. A Chaina ana dafa fatar jaki a fitar da wani abu mai danƙo da suke kira ejiao, ana sha a matsayin maganin ƙarin jini da gyaran jiki. Jakunansu da suka kai kusan miliyan 11 a farkon shekarun 1990 sun ragu zuwa ƙasa da miliyan 2, sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka. Ƙungiyar Donkey Sanctuary ta Ingila, mai kula da jakuna, ta ƙiyasta ana yanka jakuna kimanin miliyan 5.9 duk shekara don wannan harka. Matsalar kuma jaka ba akuya ba ce, cikinta kimanin shekara guda ne, ɗa ɗaya take haifa, ba yadda za a yi haihuwa ta cim ma yanka. Nijar ta hana fitar da jakuna tun 2016, Burkina Faso ma a shekarar, sannan a Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka a Adis Ababa suka amince da hana yanka jakuna don fata a nahiyar baki ɗaya. Amma dai ana nan ana loda su daga kasuwanni irin Maigatari ana gangarawa Kudu da su, musamman Ebonyi, a 2022 ma kwastam sun kama buhu 16 ɗauke da mazakutar jakuna 7,000 a filin jirgin Legas za a kai Hong Kong.

A nan zan ja maka kunne, kada ka mayar da ita rigimar ƙabilanci, wai 'yan Kudu suna cinye mana jakuna. Wa ya sayar? Dillalin namu ne, mai tirelar sau da yawa namu ne, ɓarawon da ya kwance shi daga turke da daddare ma ɗan gari ne. Kuma mai sayarwar yana da uzurinsa, an taya masa kuɗin da bai taɓa gani ba ga damina ta zo ba taki. Kada ka zage shi, ka yi masa lissafi: Baba, in ka sayar yau da nawa za ka sayi wani, wa zai kai maka taki gona, wa zai ɗebo ruwa, nawa mai a-daidaita ko mai kura zai riƙa karɓa a wajenka kullum? Yawanci wahalar kan mata da yara take komawa, su ne za su ɗauki jarka a ka. Maganar aljihu tana shiga inda wa'azi bai shiga ba.

Idan ka ga ana dukan jaki a hanya fa? Kada ka ciro waya ka fara bidiyo kana ihu. Yi sallama tukuna, ka yi masa sannu da aiki, in yaro ne ka ce "ƙanena zo mana, me ya same shi ya ƙi tafiya?" Sau tari za ka tarar kaya ne ya yi yawa ko mangalar ta karkata gefe guda, ko akumarin ya mutu igiya tana cin fata, ko ƙusa ko tsakuwa ta shige kofato. Kama masa ku sauke, ku gyara. Jaki dabba ce mai ɓoye ciwo, in ciwo ya kama shi ba ya nunawa kamar yadda doki yake yi, shi ya sa ake ce masa mai taurin kai alhali wani lokacin jikinsa ne ya ƙi. In ka ga ya sunkuyar da kai ya daina cin abinci, to abin ya yi nisa, a nemi malamin dabbobi ranar. Miki kuma a wanke da ruwa mai tsabta da ɗan gishiri, a ɗaga masa kaya daga wurin har ya warke, don Allah a daina shafa baƙin mai ko ruwan batir, ƙona naman yake yi. A ba shi ruwa kafin aiki da bayan aiki, a bar shi a inuwa in rana ta take, dabaibayi kuma a yi da tsumma ko igiya mai laushi, ba leda ko waya ba. Buhu biyu da tsumma da za ka saya ka ɗinka masa sabon akumari ba su kai kuɗin datar da kake ƙonawa wajen gardama ba.

Batun hukuma, eh doka tana nan, a Kudu sashe na 495 na kundin laifuffuka ya haramta zaluntar dabba, dokar Penal Code ta Arewa ma ta hana, sai dai gaskiya in ka je ofishin 'yan sanda da ƙarar an doki jaki dariya za a fara yi maka. Hanyar da ta fi aiki ita ce ta masu faɗa a ji a wurin: mai unguwa, sarkin pawa in a kwata ne, shugaban 'yan tike ko na direbobi in a kasuwar dabbobi ne, da likitan asibitin dabbobi na ƙaramar hukuma. Sarkin pawa in ya ce daga yau ba a sake karya wa sa wutsiya ko sare masa agara kafin yanka ba, an daina. Shi ma ka je masa da ribarsa, dabbar da aka jibga namanta yana tara jini ya yi baƙi, fatar ta yage, kirgin ya faɗi a kasuwa.

A intanet kuwa ka rage hotunan jini, mutane wucewa suke yi. Sa hoton miki kafin magani da bayan ya warke, da izinin mai dabbar, kada ka nuna fuskar talaka don ka tara mabiya. In ƙungiyar waje ta nemi aiki da kai, tambaye su me suke so, irin su Brooke da ke aiki kan jakuna da dawakai a Senegal da Burkina Faso da Habasha harkar magani da horar da masu dabbobi suke yi, ba ruwansu da tukunyarka. Wadda ta ce sai ka yi kamfen ɗin daina cin nama a Kano ko Maraɗi, ka yi mata godiya ka wuce.

Shi kuma mai cewa mutane ma ba su ƙoshi ba, kada ka yi fushi da shi, tambaye shi kawai wa yake ɗauko hatsin ƙauyensu daga gona zuwa rumbu, kuma nawa ake sayar da jarkar ruwa a unguwarsu tun da jakunan masu ga-ruwa suka yi ƙaranci.