Kurakuran da ke kashe tagwayen turbo da bawul ɗin sakin iska

Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya turbo, ita kuma ta tura ƙarin iska cikin silinda. Sandarta na iya juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma baƙin mai ne kaɗai ke tsakaninta da ƙarfen da ke riƙe da ita.

Shi ya sa ɓarna mafi yawa daga mai take farawa. Direba ya sha gudu a babbar hanya, ya tsaya, nan take ya kashe mota. Mai ya daina zagayawa alhali turbo na da zafi sosai, sai ragowar ya ƙone, ya daskare, ya toshe siririn bututun da ke kai mata mai. Bayan doguwar tafiya ko hawan tudu, a bar inji yana aiki a tsaye na minti 1 zuwa 2. Da safe ma kada a taka totur da ƙarfi sai mai ya ɗumama. Idan za a sa sabuwar turbo, a canza wannan bututu tare da ita, a zuba mata mai ta kafar shigarsa kafin a tayar. Tsohon bututu da ya toshe zai cinye sabuwar kamar yadda ya cinye ta farko.

Tagwayen turbo ba iri ɗaya ba ne. A Nissan GT-R R35, kowace turbo na karɓar hayaƙin silinda 3, suna aiki tare. A Toyota Supra mai injin 2JZ-GTE da Mazda RX-7 FD kuwa, ɗaya ke farawa, ta biyu ta shigo idan inji ya ɗauki juyi. Mota irin wannan idan ta rasa ƙarfi lokacin da inji ke juyi da sauri, sau da yawa laifin ƙananan tiyo ne da bawul-bawul masu shigo da ta biyun. A gwada su tukuna kafin a kwance turbo mai lafiya. Idan kuma ɗaya ta mutu da gaske, a duba 'yar uwarta, don mai ɗaya suka sha.

Sai bawul ɗin sakin iska, wanda aka fi yi wa mummunar fahimta. Ba ya ƙara ƙarfi ko kaɗan. Aikinsa shi ne, idan aka ɗaga ƙafa daga totur hanyar iska ta rufe, ya ba iskar da aka matse mafita, kada ta koma ta bugi fankar turbo. Ƙarar "tu-tu-tu" da wasu ke sha'awa alama ce ta wannan bugun, kuma sandar ce ke ɗaukar nauyinsa. Ana kuma rikita shi da ƙofar rage hayaƙi, wadda ke gefen salansa, ita ce ke iyakance matsin iskar.

Babban kuskuren shi ne sa bawul mai fesar da iska waje a motar da ke da na'urar auna iska ta MAF kafin turbo. Kwamfutar mota ta riga ta ƙirga wannan iska ta ware mata fetur. Iska ta tsere, fetur ya shiga, sai ka ga baƙin hayaƙi wajen canza giya, ko mota ta mutu a tsaye. Irin wannan mota bawul mai mayar da iska bayan na'urar take bukata.

Ƙaramin tiyon da ke sarrafa bawul ɗin dole ya fito daga bayan totur, inda inji ke zuƙa. Sifirin bawul ɗin idan ya yi tauri ba zai buɗe da wuri ba, idan ya yi laushi zai riƙa yoyo. Yawancin motocin dizal ba sa rufe hanyar iska idan an saki totur, don haka ba sa bukatar wannan bawul.