Yadda ake rubuta tsantsar sauti a takarda ba tare da ka rikita makaɗi ba

Yaran da ke zuwa wurina koyo nan Mabera kusan duk wuri ɗaya suke faɗuwa. Mutum zai ji goge ko kukuma, ya zauna gaban piyano ya rubuta abin da ya ji bisa layuka biyar, in an kaɗa sai ka ji abin bai zauna ba. Ba kunnenka ba ne ke da matsala, piyano an raba mata okteb (tazarar da ke tsakanin C da C na gaba) gida 12 daidai wa daida, kowane gida sent 100 (sent ma'aunin tazarar sauti ne), shi kuwa goge ba ya da gidaje, inda yatsa ya ji daɗi nan yake tsayawa. Tsantsar sauti ita ce wadda ta dogara ga lissafi mai sauƙi na yadda saurin kaɗawar wani sauti yake in an kwatanta shi da na wani, 3/2, 5/4, 7/4, kuma alamun shaf da filat (masu ɗaga sauti ko sauke shi) su kaɗai ba su isa su rubuta ta.

Abu na farko, zaɓi tsarin rubutu ɗaya ka tsaya kansa. Akwai na Ben Johnston ɗan Amurka, akwai Sagittal na George Secor da Dave Keenan, akwai kuma Helmholtz-Ellis wanda Marc Sabat da Wolfgang von Schweinitz sunka tsara, anka sabunta shi a 2020. Ni dai Helmholtz-Ellis nike koyarwa kuma shi nike cewa kowa ya fara da shi, Sagittal alamunsa sun yi yawa ga mai farawa, kibiyoyi iri iri har idonka ya gaji.

Na biyu, kafin ka ɗiga ko ɗigo ɗaya rubuta a saman takarda wane sauti ne 1/1, wato tushen da za a auna sauran da shi. Galibi masu wanga tsari A 440 (sautin A mai kaɗawa 440 a daƙiƙa) suke kafawa, amma don misalinmu mu ɗauki C, mu ce manhajar saita sauti ta waya tana nuna shi 0.

To ga inda nike son ka natsu, don nan ne ni kaina na ɓata kusan wata guda. A Helmholtz-Ellis duk harafin da ba ya da wata alama ta musamman, da shaf da filat na yau da kullum, suna nufin sarƙar 3/2 ce zalla, C zuwa G, G zuwa D, D zuwa A, A zuwa E. Saboda haka in ka rubuta E tsirara bisa C, ba 5/4 ka rubuta ba, 81/64 ne, sent 408, wanda ya ma fi na piyano hawa tunda ita 400 take badawa. Mai daɗin nan da kake nema, wanda in ka haɗa shi da C karkarwar da ake ji in sauti biyu ba su daidaita ba ke ɗaukewa cak, shi ne 5/4, sent 386. Gibin da ke tsakaninsu 81/80 ne, wajen sent 21.5, kuma shi ake nunawa da ɗan kan kibiya da ake liƙa wa alamar. Kibiya ƙasa ka sauke, kibiya sama ka ɗaga. Kenan E mai kibiya ƙasa shi ne 5/4, A mai kibiya ƙasa shi ne 5/3, E filat mai kibiya sama shi ne 6/5, sent 316.

Abin da ya rikita ni shi ne na fara da karanta tsarin Johnston, a can E tsirara shi ne 5/4 kai tsaye, don shi ya gina haruffan bakwai bisa haɗin C E G da F A C da G B D masu tsabta. Kamar sauƙi ne, amma sai ka tarar D zuwa A a can ba 3/2 ba ne, 40/27 ne, sent 680, dole ka sa wa A alamar + kafin ya daidaita. Ni kuma na zo ina rubuta kibiyoyin Helmholtz-Ellis da tunanin Johnston, na ba wani yaro mai bin takarda da kyau ya kaɗa, shi bai yi kuskure ba ko kaɗan, ni ne na rubuta masa abin da ban nufa ba, muna ta maimaitawa cikin zafin nan na watan Afrilu ina cewa ya sake sauraro. Don Allah kar ka gauraya su, ko a zuci. Duk sanda ka rubuta E, tambayi kanka, ta sarƙar 3/2 na iso nan ko ta 5/4?

Sai lamba 7, wato sautuka irin 7/4. B filat na sarƙa 16/9 ne, sent 996, in ka sa masa alamar nan mai kama da bakwai ta sauke shi da 64/63, wajen sent 27, ka samu 7/4, sent 969. Lamba 11 kuma alamarta na ɗaga F da 33/32 ya zama 11/8, sent 551, kusan tsakiyar F da F shaf. Kar ka wuce nan sai ka shekara kana aiki da waɗanga.

Dokata ita ce kowane sauti a rubuta masa a samansa sent nawa ya bambanta da na piyano, ko da alamar na nan, don makaɗi ya duba da waya: G +2, D +4, E mai kibiya −14, B filat na bakwai −31. In ka sauya 1/1 ka mai da shi A, lambobin duk za su gusa, sai ka sake lissafi.

Maganar kwamfuta, manhajar rubuta kiɗa ta MuseScore kyauta ce kuma alamun na ciki, data kawai za ka kashe wurin saukewa, akwai wurin da ake sa sent ɗin kowane sauti da hannu in kana son ka ji. Manhajar Dorico ta fi iya aikin amma cikakkiyarta kuɗi ce sosai. Fensir da takarda ma sun isa wata shida na farko, kawai ka zana kan kibiyar da girma, in an yi hoton takarda a shago ƙananan kan ɓace. Sannan ka kunna C ya yi ta ƙara a waya, ka rera ko ka goga kowane sauti bisansa har karkarwar ta tsaya, ka duba ko lambar ta yi daidai da abin da ka rubuta.