Darasi na 9: Yadda ake cewa "an biya", "an sayar", "an gyara" da Turanci

Jama'a wannan darasin kun riga kun iya shi da Hausa, riga kawai za mu canza masa. Idan Baba ya ce "an ɗauke wuta" ko Hajiya ta ce "an biya albashi", ai ba a faɗi wanda ya yi aikin ba, ko ba a san shi ba ko kuma sanin nasa bai dami kowa ba, abin dai ya faru kuma har yanzu ana cikinsa. To Turanci ma yana da nasa "an" ɗin, malamai suna ce masa present perfect passive, kada dogon sunan ya firgita ku.

Ku ɗauko wayarku ku duba alat na banki. Your account has been credited, an saka maka kuɗi. Your account has been debited, an cire, wannan kam ba mai son ganinsa. Kalma uku ce ke aikin: has ko have, sai been, sai aikatau a siffarsa ta uku. Abu ɗaya has, abubuwa da yawa have. The ram has been sold, an sayar da ragon. The rams have been sold, an sayar da ragunan.

Siffa ta ukun nan ita ce wahalar gaskiya. Wasu -ed kawai ake ƙara musu kamar repaired da opened, wasu kuwa sai hadda: pay ya koma paid, sell ya koma sold, take taken, steal stolen, write written. Ba wata dabara, a rubuta a bayan littafi a riƙa bita.

Inda aka fi faɗuwa shi ne a yar da been. Ka kai rago kasuwar Mai'adua ka dawo ka ce The ram has sold, to ana iya ɗauka ragon ne ya yi cinikin, shi ya zama dillali kenan, sai a tambaye ka me ya sayar.

Sai kuma maganar lokaci. Da zarar ka ambaci jiya ko bara ko shekara kaza, has been ya fita, was ko were ne ke shiga. An ƙirƙiri jihar Katsina a 1987, saboda haka Katsina State was created in 1987 za ka ce, ba has been created ba. Mu a Hausa "an" ɗaya ce duk biyun, shi ya sa muke ruɗewa.

In kana son faɗin wanda ya yi, ka sa by: The letter has been signed by the village head, dagaci ya sa hannu a takardar.

Aikin gida, a juya waɗannan zuwa Turanci a kawo ranar Asabar:
An gyara hanyar Ƙofar Ƙaura.
An sace awakina.
An kai baƙin rijiyar Kusugu jiya. Wannan ta ƙarshen a yi mata a hankali.