Yadda masu Ayurbeda na Indiya ke tarbar bazara

Jama'a, a tsarin maganin gargajiyar Indiya da ake kira Ayurbeda, lokacin tsananin zafi sunansa Girishma, daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Yuli. A ganinsu rana na tsotse danshin jiki a wannan lokaci, wutar ciki mai narkar da abinci kuma ta yi rauni. Shi ya sa suke cewa a rage yaji, tsami da gishiri, a koma ga abinci mai ruwa-ruwa kamar shinkafa da madara, kankana da ruwan kwakwa.

Cikin abubuwan shan da suke amfani da su a lokacin zafi, jiƙon kusbara (wato coriander da Turanci) shi ne mafi sauƙin haɗawa. A ɗan daddaka 'ya'yan kusbara awo 1, a zuba ruwa awo 6, a rufe ya kwana. Da safe a murje da hannu, a tace, a sha kamar rabin ƙaramin kofi kafin karin kumallo, da ɗan sukari in ana so. Kada a tafasa, jiƙon sanyi ake nufi. Kada kuma a ajiye ya kai gobe, zafi na sa shi tsami.

Ruwan ƙanƙara ba sa sonsa, sun ce yana ƙara kashe wutar cikin. Ruwan randa suka fi so, har da jefa saiwar jema a ciki, abin da iyayenmu ma sun saba yi. Barcin rana kuwa, wanda suke hanawa a sauran lokuta, a bazara sun yarda da shi.

Amma wanda zafi ya kayar, ya rikice ko gumi ya ɗauke masa, ba jiƙo ne maganinsa ba. A kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa, a garzaya asibiti.